Daji Ya Koma Gona: Abin da Ya Rage wa Maharbin Panda

Tun da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu daga Jihar Ribas ta komawa Kano yin Sallah, akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, wadda hayaniyar ta'aziyya da neman diyya ta danne. Me ya raba maharbi da Bunkure ta Kano har ya kai shi Jihar Ribas neman nama? Tambayar ba ta rage komai daga zaluncin da aka yi wa bayin Allah nan ba. Amma mutum ba ya kwasar karnuka da bindigar toka ya ratsa ƙasar nan daga wannan baki zuwa wancan alhali akwai gada a bayan garinsu. Dajinsu ne ya ƙare. Abin da ke ba ni tsoro kuwa shi ne hanyar da ta kai ƙauyukan Kano ga haka ita ce ƙasar Panda ta ƙaramar hukumar Karu ke bi yanzu, kuma da gudu, mu kuma muna ta ɗora laifin a kan maharbi, shi da ya fi kowa asara a cikin lamarin.

Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi ta Gitata ta nufi kudancin Kaduna ya san irin ƙasar da nake nufi. Ƙasa ce ta doguwar ciyawa da tsaunuka jefi-jefi, ga kurmi yana bin kowane rafi. Mutanen Nyankpa, waɗanda Hausawa ke kira Yeskwa, da maƙwabtansu Gbagyi da Gwandara da Hausawa da Fulani, kowa yana da rabonsa a wannan daji. Farauta a nan tana da lokacinta. Sai an tone doya, an girbe dawa an kai rumbu, iskar hunturu ta busar da ciyawa, sannan ake maganarta. Kafin ranar fita kuwa akwai aikin da ba a buga masa ganga, wato duba sawu.

Na taɓa bin wani dattijon maharbi irin wannan fita, da sanyin asuba, ba bindiga ba kare. A bakin wata gonar rogo ya tsuguna ya nuna mini wani ɗan tsagaggen sawu da bai kai tsawon babban yatsana ba, bakinsa bai ruguje ba, alamar gada ta bi wurin a daren. Gaba kaɗan ga kashinta ƙanana baƙaƙe a tare wuri guda. Ya ɗaga wani karan ciyawa da aka datse a karkace kamar da aska, ya ce aikin gyazbi ne. A gindin wata ɗorawa muka ga ƙasa ta yi kwarmi-kwarmi, ga gashi mai ɗigo-ɗigo, nan zabin daji ke birgima da rana. Duk wannan karatu ya yi shi ne a gefen gonakin mutane, kuma kafin mu shiga ko ɗaya sai da ya biya ta bukkar mai gonar ya yi sallama. Da na tambaye shi inda ainihin dajin yake, sai ya nuna mini wani ɗan tsirin kurmi da za ka iya zagaye shi kafin shayi ya huce, ya ce, “Ɗana, ka ga abin da ya rage.”

A nan matsalar take. Namun dajin wannan yanki ba a ƙungurmin daji kawai suke rayuwa ba. Mafi yawansu saura ce gidansu, wato gonar da aka noma shekara uku ko huɗu aka bar ta ta huta ta yi duhuwa. A saura gada ke ɓoye ɗanta, a nan zomo ke kwana, a nan zabuwa da makwarwa ke yin sheƙa a ƙasa cikin ciyawa. Manomin da yake barin saura ba don dabba yake yi ba, don ƙasarsa yake yi, amma da haka yake kiwon naman da za a ci da rani. Yau saura ta zama abin da sai mai ƙarfi, kuma abin da ya cinye ta ba ɓoyayye ba ne.

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, ƙaramar hukumar Karu ta zama inda birnin ke zubar da abin da ya yi masa yawa. Mararaba da Ado da Masaka sun haɗe sun zama gari guda. Da filin gida ya yi tsada a can, sai masu kuɗin Abuja suka juya ga filin noma, kuɗinsu kuma ya hau hanyar Keffi ya biyo ta Gitata. Ma'aikacin da ke shirin ritaya yana son kadada goma ya dasa kashu ko ya kafa gidan kaji. Magada su sayar masa, ya kafa turakun siminti, ya ja waya, ya ajiye mai gadi. Wanda ya sayar kuma ya koma kan ɗan abin da ya rage masa yana nomansa kowace shekara ba hutu, yana tura masa taki. Ga kuma manoman da rikici ya koro daga wasu wurare suna neman aro ko haya. Filin da aka gani da ciyawa shekara biyu, sai wani ya zo tambaya.

Da can ƙarfin hannu ne ke yi wa gona iyaka. Magidanci ba ya share abin da ya fi ƙarfin fartanyarsa da ta 'ya'yansa. Maganin feshi ya kawar da wannan iyaka, kuma a ganina shi ne abin da aka fi raina illarsa. Saurayi ɗaya da tankin feshi a bayansa zai kashe ciyawar da a da sai an yi mata gayya. Ba na zargin manomi, domin kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa. Sai dai a duba lokacin da ake feshin: farkon damina, daidai sa'ad da zabuwa ke fara ƙwai. Ciyawar da za ta rufe sheƙar ta ƙone, ƙwarin da 'yan tsaki za su tsattsaga sun tafi tare da ita, har gyaffan gona da bakin hanya ba a bari. Wannan kisa ba shi da ƙara, ba shi da jini, shi ya sa ba a lissafa shi. Bindigar toka tana ɗaukar zabo ɗaya ko biyu, feshi kuwa yana hana garke guda zuwa duniya.

Kurmin bakin rafi, inda mazo da gadar kurmi ke fakewa idan rani ya tsananta, shi kuma shinkafa da noman rani sun ci gefensa, masu gawayi sun ci tsakiyarsa. Buhunan da ake jerawa a bakin titi suna jiran motocin Abuja, itacen ƙirya ne da kaɗanya da sauran manyan itatuwan da kan ɗauki shekaru da yawa kafin su girma.

Da wuri ya ƙuntata, sai irin naman ya canja. Gada ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na kusan wata bakwai, ba ta jure matsi. Gyazbi da gafiya da kurege kuwa suna haihuwa da yawa, kuma gonar rogo da masara daula ce a wurinsu. Don haka farautar ta sauko daga ta gwanaye ta koma ta samari da gora da ashana. Mai neman gafiya ba ya duba sawu, wuta yake cinnawa ya tsaya a bakin rami. Wutar kuma ba ta san iyakar gona ba. Ita ce ke lashe doyar da aka tara a rumfa, da rogon da ba a tone ba, da kashun baƙon nan na Abuja, da harawar da makiyayi ke sa rai da ita. Duk ranin duniya sai an kai irin wannan ƙara gaban mai unguwa. Ga kuma ciwo: watannin ƙonar daji su ne watannin da zazzaɓin Lassa ke tashi, kuma jami'an lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa wuta na koro ɓerayen da ke ɗauke da cutar zuwa cikin gidaje da rumbuna.

Maharbin gaske, da ya ga rana ba ta ba shi komai, sai ya koma dare da fitila a goshi. Idon da ya yi ƙyalli a cikin haske ba ya nuna mace ce ko namiji, mai ciki ce ko mai shayarwa. Kuma a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, mutum da bindiga a bayan gonar wani da tsakar dare yana wasa da ransa ne. Wasu sun ajiye farautar nama sun shiga aikin sintiri, kamar yadda maharban Adamawa suka yi suna a 2014 wajen korar Boko Haram daga Mubi. Wasu kuma sai su haɗa kuɗin mota su nausa inda ake cewa akwai sauran daji, inda ba a san su ba, ba a jin harshensu, ba mai shaidarsu. Ƙarshen wannan hanyar ne muka gani a Uromi.

Akwai masu cewa duk wannan kewaye-kewaye ne, maharba ne suka ƙarar da nama, a karɓe bindigoginsu a huta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Farautar gayya da ake sauke motoci cike da mutane da karnuka a share daji kamar da tsintsiya ta yi ɓarna, tarkon waya ma haka, kuma kasuwar naman daji a Abuja tana biyan kuɗin da ke sa mutum ya manta da gobe. Amma an yi ɗaruruwan shekaru ana farauta a ƙasar nan nama bai ƙare ba, sai da mafakarsa ta ƙare. Ko yau aka tattara bindigogin Panda kaf aka kulle, gada ba za ta haihu a cikin gonar riɗin da aka fesa ba.

Amurka ta taɓa shiga halin da ya fi namu muni. Wajen 1900 barewarsu mai farin bindi ta ragu har ana ƙiyasta ba ta wuce dubu 500 ba, talotalon dajinsu kuwa ya kusa ɓacewa a shekarun 1930. Yau ana maganar barewa kusan miliyan 30, talotalo kuma miliyoyi. Ba hana farauta suka yi ba. Sun yanka mata lokacin buɗewa da na rufewa, sun ƙayyade abin da mutum ɗaya zai kashe, a farautar talotalo ta bazara kuma namiji ake harbi a bar mata su yi kwanci. A 1937 suka yi dokar da ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, kuɗin yana tafiya wajen gyara mazaunin dabbobi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawancin farautarsu a gabashin ƙasar a filayen mutane ake yin ta. Maharbi yana zuwa tun makonni kafin lokaci ya nemi izinin mai gona, ya duba sawu, wani ma ya biya haya. Saboda haka manomi yana da dalilin barin duhuwa a gefen gonarsa. Ban manta cewa su ma sun sami sauƙi domin gonaki da yawa sun koma daji da mutane suka tafi birane ba, abin da mu ba za mu samu nan kusa ba. Amma lokaci da izini ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. Su ne dai dattijon nan ya nuna mini, su ne kuma aikin Sarkin Dawa tun kafin Bature ya zo.

Dokoki ma muna da su. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai ƙa'idojin hana ƙonar daji da gwamnatin tarayya ta fitar a 2011, dokar makamai ta 1959 kuma ta ce ko bindigar toka sai da lasisi. Manomin Panda nawa ne ya taɓa ganin wanda ya zo aiwatar da su? Dokar da aka rubuta a Kaduna ko Abuja ko Lafiya ba ta tsare kurmi. Wanda ke iya tsare shi shi ne wanda in ya yi magana a dandali ake ji, wanda ya san ɗan wane ne ya cinna wutar jiya.

Don haka kirana ga masu sarautar ƙasar Panda ne, da hakimai da masu unguwanni, da shugabannin maharba da na manoma da arɗo-arɗon Fulani. A zauna a sa ranar buɗe farauta bayan an gama kwashe amfani, a sa ranar rufe ta da saukar ruwan farko, a shelanta a kasuwa da masallaci da coci. Kada maharbi, ɗan gari ko baƙo, ya shiga gonar wani sai da sallama, mai gona kuma a ba shi kasonsa na nama kamar yadda aka saba. Kowane ƙauye ya ware kurmi ɗaya da ba a sayarwa, ba a sara, ba a fesawa, a rubuta shi a kai ƙaramar hukuma kafin mai turakun siminti ya iso. Wanda ya cinna wuta don gafiya ya biya abin da ta ci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi. Ranku ya daɗe, a yi wannan zama tun rani bai fita ba, domin da ruwan farko zabuwa ke fara neman wurin ƙwai.