Giwan Ruwan da Masunta Suka Ƙi Yarda da Shi

A bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2008, wani masunci ya fito daga kogin Matan Fada da giwan ruwa mai nauyin kusan kilo 66. Aka ɗora a sikeli, makaɗa suka saki ganga, aka ce shi ne gwarzon bana. Murna ba ta je ko'ina ba. Sauran masunta suka kai kuka cewa wannan kifi ba a ruwan nan aka kama shi ba. Da aka bincika sai maganarsu ta tabbata, kifin ya mutu tun kafin a shiga ruwa, kawo shi aka yi. Aka karɓe kambun, mutumin ya shiga hannun hukuma.

Mu da ke Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da sai dai mu ga kifi a tiren mai soyawa, za mu iya mamakin yadda suka gane. Su kuwa sun san abin da ruwan nan ke nema daga mutum.

Matan Fada a rufe take duk shekara don kifi ya girma. Ranar gasa, bayan Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin, ana harba bindiga, dubban mutane su afka a lokaci guda, kowa da homa da ƙaton gora, sa'a ɗaya tak. Kafin a jima ruwan ya koma taɓo, ido ya daina aiki. Daga nan sai ƙafa da tafin hannu. Makaɗa a cikin kwalekwale da masu kaɗa gora suna koro kifi zuwa inda ba zurfi, amma tsohon giwan ruwa ba ya bin ayari, gurbi mai zurfi yake nema ya lafe. Wanda ya lura da haka sai ya bar turmutsitsin, ya bar wa abokinsa gora, ya nutsa yana lalube. In ruwa ya ja baya kifi na taruwa a 'yan gurabe, in ya cika sai ya watsu, kuma gurbin da ya ba da sa'a bara yana iya cikewa da yashi bana. A 2006 ruwan ya yi ƙasa sosai har aka hana kamun gaba ɗaya.

Wannan karatun ruwa shi ne gasar, kuma shi mai kifin 2008 ya so ya tsallake. Abin ya yi mini ciwo, domin bikin nan ba wasa ya kafa shi ba. A 1934 aka fara shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Taron da aka gina a kan amana bai kamata a shigo masa da mataccen kifi ba.

Ga shi kuma kogin ba rowa yake yi ba. A 2005 an fito da mai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa sikeli. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, kuma da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne.