Wace Ce Tauraruwa A Finafinan Katun Masu Waƙa?

'Yan uwana mata, in za mu jera finafinan katun na Disney, halin yarinyar za mu duba kafin daɗin waƙa.

Na ɗaya Beauty and the Beast na 1991. Belle ga son karatu ga son mahaifi, har ta yarda a tsare ta a madadinsa. Gaston kyakkyawa ne amma mai girman kai, ta ƙi shi.

Na biyu Cinderella na 1950. Ta sha wuya a hannun matar uba, haƙuri ya kai ta gidan sarki.

Na uku The Little Mermaid na 1989. Waƙoƙi kam sai sambarka, amma Ariel ta miƙa wa mayya muryarta saboda saurayin da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Haba Ariel! Ke budurwa, kada soyayya ta raba ki da bakinki.