Gwiwar Hannu da Dokar Jifa a Wasan Kurket

A wasan kurket, wanda ya samo asali a Ingila ya kuma yi ƙarfi a Indiya da Pakistan da Ostareliya, an hana mai aika ƙwallo ga mai riƙe da sanda ya yi jifa irin wanda yaro kan yi idan zai kaɓo mangwaro da dutse. Dokar da ƙungiyar MCC ta Landan ke kula da ita ta tanadi cewa da zarar hannu ya ɗago daidai kafaɗa, ba a yarda gwiwar hannu ta miƙe ba har sai ƙwallon ta bar yatsu, ko da yake wuyan hannu na iya lanƙwasawa yadda ya so. Ke nan laifin yana wurin miƙe gwiwar da ke lanƙwashe, domin miƙewar ce ke ƙara wa ƙwallo ƙarfi.

Waɗanda wannan doka ta fi takura wa su ne masu murza ƙwallo, wato masu aika ta a hankali tana juyawa, ta yadda idan ta daki ƙasa sai ta karkace ta yaudari mai sanda. Masu murzawa da wuyan hannu, irin su Shane Warne, ba safai ake zarginsu ba, amma masu amfani da yatsu suna yawan shiga zargi, saboda ƙarfin yatsu yana da iyaka kuma ɗan fizgar gwiwa yakan ƙara juyin sosai. Abin ya fi tsanani a salon dusra, wanda Saqlain Mushtaq na Pakistan ya shahara da shi, inda ƙwallon ke karkata ɓangaren da ba a zata ba.

Babu wanda ya sha wahalar wannan batu kamar Muttiah Muralitharan, mai murza ƙwallo na Siri Lanka. Ranar 26 ga Disamba 1995, a birnin Melbon, alƙalin wasa Darrell Hair ya yanke masa hukuncin jifa har sau 7 a gaban dubban 'yan kallo. Gwajin da aka yi masa a Jami'ar Yammacin Ostareliya ya nuna cewa da lanƙwasasshiyar gwiwa aka haife shi, ba ya iya miƙe ta gaba ɗaya, kuma saurin juyawar kafaɗarsa da wuyan hannunsa ne ke sa ido ya ga kamar jifa yake yi. A 2004 aka auna dusrarsa aka samu miƙewar digiri 14, alhali iyakar miƙewar da aka yarda wa masu murzawa a lokacin digiri 5 ce. Sai dai binciken da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta gudanar a shekarar ya gano cewa kusan kowane ɗan wasa yana miƙe gwiwarsa kaɗan, har da waɗanda ba a taɓa zargi ba. Zaluncin a bayyane yake: an yi shekaru ana tozarta mutum ɗaya a kan abin da jikin kowa ke yi. Daga 2005 aka mayar da iyakar digiri 15 ga kowa, domin daga nan ne ido ke fara ganin miƙewar, shi kuwa Muralitharan ya yi ritaya daga wasannin kwana biyar a 2010 bayan ya fitar da masu sanda sau 800.

Sassaucin bai zama buɗe ƙofa ba, domin a 2014 an dakatar da Saeed Ajmal na Pakistan bayan awo ya nuna ya ninka iyakar fiye da sau biyu, kuma da ya dawo da sabon salo bai sake kaifi irin na da ba. A yau alƙalai kan kai rahoton wanda suke zargi ne, sannan a manna wa ɗan wasa alamomi a hannu a ɗauke shi da kyamarori masu sauri a ɗakin gwaji. Raunin tsarin shi ne mutum na iya gyara hannunsa a gaban na'ura, shi ya sa masana ke gwada hoton gwajin da na ainihin wasa kafin su yanke hukunci.