Mafarin Fim: Aikin Da Mintocin Nan Na Farko Ke Yi

Da yawa daga cikin masu sha'awar kallon fim sun ɗauka cewa mintocin nan na farko, sa'ad da sunaye ke wucewa a kan allo ana kaɗe-kaɗe, lokaci ne na gyara zama da gaisawa da na kusa. A zamanin da gidajen silima ke tashe a Kano da Kaduna da Jos da Ikko, akan ga mutum ya yanki tikiti ya tsaya a bakin ƙofa yana cinikin gyaɗa, in an ce ya shigo sai ya ce ai ba a soma ba tukuna, rubutu ake yi. Yanzu kuwa da kallo ya koma cikin ɗaki, abin ya fi haka sauƙi, gama tun cikin 2017 kamfanin Netflix ya sa wani ɗan maɓalli wanda da an taɓa shi sai a tsallake mafarin shirye-shiryensa masu dogon zango.

To, amma masu sana'ar ba haka suka ɗauki al'amarin ba. A wurinsu mafarin fim kamar zaure yake ga gida. A nan ake tarbar baƙo, a nan yake gane irin gidan da ya shigo, a nan kuma ake gaya masa sunayen masu gidan. A kan waɗannan 'yan mintoci an ci mutane tara, an ɓata tsakanin abokan aiki, wasu kuma sun shafe shekaru suna neman a rubuta sunansu bisa aikin da suka yi da hannunsu.

Tambarin Kamfani

Kafin a ga ɗan wasa ko ɗaya, abin da kan fara fitowa shi ne tambarin kamfanin da ya yi fim ɗin. Kowane tsohon ɗan kallo ya san zakin nan na kamfanin MGM na Amurka, wanda aka fara jin rurinsa a silima cikin 1928. Haka kuma busar ƙahonin nan mai kama da ta hawan sarki da ta riƙa buɗe finafinan kamfanin Fox, wani makaɗi mai suna Alfred Newman ne ya tsara ta cikin 1933. A Ingila kuwa kamfanin Rank ya zaɓi wani ƙaƙƙarfan mutum yana dukan ƙaton faifai mai kama da tasa. Abin dariya a nan shi ne faifan da ake gani ba na ƙarfe ba ne, kwaikwayo ne aka yi don hoto. Amon da ake ji wani makaɗi ne, James Blades, ya buga shi a wani wuri dabam aka haɗa. Ashe tun daga tambari an soma yi wa ido da kunne dabara.

Masu kallon finafinan Indiya su kuma sun saba da wata takarda mai sa hannu da akan nuna kafin kome. Wannan ita ce shaidar hukumar tace finafinai ta ƙasar, wadda aka kafa bisa wata doka ta 1952. A cikinta akan rubuta sunan fim ɗin da tsawonsa, da kuma harafin da ke nuna ko na kowa da kowa ne ko kuwa na manya kaɗai.

Aikin Ido

A da can, sunayen 'yan wasa da ma'aikata a kan kati ake rubuta su a ɗauki hotonsu, kamar dai jerin sunaye a allon makaranta. Saboda rashin armashinsu, a gidajen silima da yawa na Turai da Amurka ba a ma janye labulen da ke rufe da allo sai an gama su. Wanda ya canja wannan al'ada shi ne wani mai zane, haifaffen birnin Niyok, mai suna Saul Bass.

Cikin 1955 darekta Otto Preminger ya ba shi aikin tsara mafarin fim ɗin "The Man with the Golden Arm", labarin wani makaɗi da ƙwaya ta kama, wanda Frank Sinatra ya fito a matsayinsa. Bass bai nuna fuskar Sinatra ba, ko da yake shi ne tauraron da jama'a suka biya kuɗi don su gani. Sai ya kawo waɗansu fararen sanduna suna shigowa a kan baƙin allo daga sama da ƙasa da gefe, suna bin kiɗa, har daga ƙarshe suka rikiɗe suka zama hannu guda, karkatacce, mai yatsu a sandare. Wannan shi ne hannun da mai shan ƙwayar ke soka wa allura. Da aka aika da fim ɗin gidajen silima, sai aka haɗa da takarda ana umurtar masu kunna majigi su janye labule tun kafin sunaye su soma.

Daga nan Alfred Hitchcock ya ɗauke shi. A "Vertigo" na 1958, labarin wani ɗan sanda mai jin jiri in ya hau bisa, Bass ya kusanto da idon wata mata har ya cika allo, sa'an nan waɗansu zane-zane suka riƙa fitowa daga cikin ƙwayar idon suna juyawa, har shi kansa mai kallo ya ji jirin. A "Psycho" na 1960 kuwa, layuka ne ke gilmawa da sauri suna yanka sunayen 'yan wasa gida-gida. Wanda ya kalli fim ɗin har ƙarshe zai gane cewa tun daga nan aka gaya masa labarin mutum ne wanda hankalinsa ya rabu biyu. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Wani gwanin shi ne Maurice Binder, wanda ya ƙago mafarin finafinan James Bond cikin 1962, a fim ɗin "Dr. No". Akan ga wani farin ɗigo yana tafiya a kan allo, sai ya buɗe ya zama bakin bindiga yana bin wani mutum mai tafiya. Farat ɗaya mutumin ya juyo ya yi harbi, jini ya zubo daga sama ya rufe allo. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an sa ɗan kallo a matsayin maharbi, an kuma nuna masa cewa jarumin nan ya fi abokan gabansa zafin nama. A finafinai uku na farko ma ba Sean Connery ba ne ke tafiyar nan. Wani mai tsaya masa a wuraren haɗari ne, Bob Simmons.

Aikin Kunne

Sau da yawa kunne kan riga ido fahimta. A fim ɗin "Jaws" na 1975, labarin wani ƙaton kifin teku mai cin mutane, sunaye na fitowa ne na'urar ɗaukar hoto tana kutsawa cikin ciyayin ƙarƙashin ruwa. Ba a ga kifin ba. Abin da ake ji kawai shi ne sauti biyu masu kauri da John Williams ya tsara, suna maimaita juna, suna ƙara sauri kamar bugun zuciyar mai gudu. Daga wannan lokaci an riga an koya wa ɗan kallo cewa duk sa'ad da ya ji su, dodon ya kusa. Saboda haka darekta Steven Spielberg ya iya tsorata jama'a na tsawon lokaci ba tare da ya nuna dabbar ba sai can gaba sosai.

Shi kuwa Sergio Leone, mutumin Italiya da ya shahara a finafinan kaboyi, hana kiɗan ya yi gaba ɗaya. A mafarin "Once Upon a Time in the West" na 1968, 'yan bindiga uku ne ke jiran jirgi a wata tashar daji. Fiye da minti goma ana zaune, magana ba ta taka kara ta karya ba. Sai kukan farfelar rijiya da ba ta ga mai ba, da ɗigon ruwa a kan hular ɗayansu, da wani ƙuda da ya addabi fuskar ɗaya. Sunaye na shigowa jefi-jefi, sunan darekta bai fito ba sai da jirgin ya iso. Da jirgin ya wuce aka ji busar hamonika ta Charles Bronson daga ƙetaren dogo, sai ta zame wa 'yan kallo kamar tsawa, don an daɗe ana horar da kunnensu da shiru. Leone ya yi amfani da mafarin ne ya gargaɗi jama'a cewa fim ɗin nan na mai haƙuri ne.

Shekara bakwai bayan haka, cikin 1975, Ramesh Sippy ya buɗe "Sholay", wanda 'yan kallon ƙasar Hausa suka sani ƙwarai, shi ma da isowar jirgi wata 'yar tashar ƙauye. Wani jami'in gidan yari ya sauko, aka tarbe shi da doki, suka bi ta cikin duwatsu sunaye na fitowa. Kiɗan da R. D. Burman ya sa ya soma da jita da fito irin na finafinan kaboyi, sa'an nan kayan kiɗan Indiya suka shigo. Kafin a faɗi labarin Gabbar Singh, kunne ya riga ya ji cewa salon kaboyi ne aka kawo shi ƙauyen Indiya.

Suna Linzami

Su kansu sunayen, jerinsu ba a kan son rai yake ba. A Amurka yarjejeniya ce a rubuce tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata, kuma bisa ƙa'ida sunan darekta ne ke zuwa na ƙarshe, dab da soma labari. Taurari kuwa kowa so yake nasa ya riga fitowa. A "Sholay" sunan Dharmendra ne a gaba da na Amitabh Bachchan, gama a lokacin shi ne babba a sana'ar. A "The Towering Inferno" na 1974 an haɗa giwaye biyu, Steve McQueen da Paul Newman, ba wanda za a sa a bayan wani. Sai aka rubuta na McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, na Newman a dama amma sama-sama. Mai karantawa daga hagu ya fara ganin wannan, mai karantawa daga sama ya fara ganin wancan.

George Lucas shi kuma bai so sunaye su tsaya tsakanin ɗan kallo da labari. Ya buɗe "Star Wars" na 1977 da rubutun labari yana tafiya cikin sararin samaniya, ya mai da sunaye duka ƙarshe. Da ya maimaita haka cikin 1980 a "The Empire Strikes Back", wanda Irvin Kershner ya ba da umurni, ƙungiyar darektoci ta ci shi tara, don sunan kamfaninsa ya fito a farko alhali na darekta yana can ƙarshe. Lucas ya biya, ya kuma fice daga ƙungiyar.

Amma labarin da ya fi nuna nauyin suna shi ne na marubuci Dalton Trumbo. Cikin 1947 ya ƙi amsa tambayoyin wani kwamitin majalisar dokokin Amurka mai binciken 'yan kwaminis, aka ɗaure shi kusan shekara guda, manyan kamfanoni kuma suka haramta masa aiki. Don ya ciyar da iyalinsa sai ya ci gaba da rubutu da sunayen aro. Cikin 1957 aka ba wani Robert Rich lambar Oscar saboda labarin fim ɗin "The Brave One", alhali kuwa Trumbo ne ya ɓuya a bayan sunan. Sai cikin 1960 Otto Preminger da Kirk Douglas suka yi ta maza suka rubuta sunansa na gaskiya a "Exodus" da "Spartacus", kuma Saul Bass ne ya tsara mafarin finafinan biyu. Layi guda ne na rubutu wanda ba ya daɗewa a kan allo, amma shi ya karya lagon haramcin da ya hana mutane da yawa cin abinci. Lambar tasa kuwa ba ta iso hannunsa ba sai cikin 1975, shekara guda kafin rasuwarsa.

A Indiya ma an yi irin wannan. A can mawaƙi ne ke rera waƙa a ɓoye, ɗan wasa ya motsa baki, kuma da fari ba a damu da ambaton mai muryar ba. Faifan wata waƙa ta fim ɗin "Mahal" na 1949 ya fito ne da sunan Kamini, watau sunan da 'yar wasan ke amsawa a cikin labarin. Jama'a suka yi ta tambayar gidan rediyo wace ce mai wannan murya, har aka bayyana cewa Lata Mangeshkar ce. Tana cikin waɗanda suka dage har rubuta sunayen mawaƙa ya zama al'ada.

Wannan batu ya shafe mu, gama finafinan Hausa, waɗanda suka soma a kaset ɗin bidiyo da "Turmin Danya" cikin 1990, sun ɗauki al'adar nan ta mawaƙi a ɓoye ɗan wasa a fili. Bayan kowane tauraro akwai marubuci da mai ɗaukar hoto da mai tace hoto da makaɗi, waɗanda ba za a taɓa tsayar da su a kasuwa a gaishe su ba. Sunan nan da ke wucewa shi ne shaidar da za su nuna gobe in sun je neman wani aikin. Ya kamata masu shirya finafinai su rubuta shi daidai, su bar shi a kan allo gwargwadon yadda za a iya karantawa, su kuma zaɓi hoto da kiɗan mafarin da za su dace da labarin da ke tafe. Mu kuma 'yan kallo, in mun zauna, mu ba mintocin nan ido da kunne. Wanda ya tsallake zaure ya faɗa cikin gida, ko an ba shi wurin zama, bai san gidan wa ya shiga ba.