Kuɗin Tambola Ba Za Su Gina Mana Asibiti Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar Tambuwal da Kebbe game da wani zance da ya fara yawo a rumfunan kasuwa da wuraren hira, wato wai me zai hana gwamnatin Jihar Sakkwato ta buɗe cacar tambola tata ta kanta, ta riƙa gina asibitoci da makarantu da ribar.

Ga asalin maganar ga wanda bai ji ba. A shekarar 2005 gwamnatin tarayya ta yi dokar tambola ta ƙasa, ta kafa hukumar da ke ba kamfanonin caca lasisi, da kuma wani asusu da ake zuba kason gwamnati a ciki don ayyukan jama'a. Jihar Legas ba ta yarda ba, ta kai ƙara a 2008. Sai ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca da tambola ba hurumin majalisar tarayya ba ne, na jihohi ne, dokar 2005 kuwa ba ta aiki sai a Abuja. Ke nan yanzu wuƙa da nama suna hannun majalisar dokokin kowace jiha, har da tamu.

To daga nan ne wasu samarinmu masu ilimin zamani suka ce ai ga dama ta samu. Hujjarsu ita ce, ko an so ko an ƙi yara suna buga cacar ƙwallo a waya, kuɗin kuma suna tafiya kudu. Maimakon haka, in ji su, gara jiha ta karɓi abin a hannunta, kuɗin su tsaya gida. Suna kawo misalin Ingila, inda aka fara tambolar ƙasa a 1994, da kuma maƙwabtanmu na Nijar masu kamfanin gwamnati da ake kira LONANI, wanda duk wanda ya taɓa zuwa Birnin Ƙonni ya ga yadda ake sayen tikitinsa a kan sukuwar dawakin Faransa.

Ban raina damuwarsu ba. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Kuchi ko Girkau da damina, ya san abin da rashin hanya da rashin magani suke nufi. Amma jama'a, mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin namu na kasuwa.

A Ingilan da ake yabo, cikin kowace fam ɗari da aka sayi tikiti da ita, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zuwa ayyukan alheri. Fiye da rabi na tafiya ga 'yan tsirarun da suka ci, sauran kuma haraji ne da ladan masu sayarwa da kuɗin tafiyar da kamfani. Dokarmu ta 2005 ma kashi 20 cikin 100 ta fara yanka wa asusun gwamnati. To mu ce mutum dubu a Dogon Daji kowa ya sayi tikitin naira 200. An tara naira 200,000 ke nan. In an yi gaskiya tsantsa, ba a ci ko kwabo a hanya ba, abin da zai dawo don gyaran rijiyar burtsatse bai wuce naira 50,000 ba. Da a ce mutanen nan dubu sun kai kuɗinsu kai tsaye hannun kwamitin unguwa, da sun yi aiki ninki huɗu. Wane ɗan kasuwa ne zai ba da buhu huɗu a mayar masa da ɗaya, ya ce ya ci riba?

Ku dubi adashen da matanmu ke yi. Kowa ta zuba, kowa ta kwasa, in ban da ɗan abin da ake ba uwar adashe ba abin da ke salwanta. A tambola kuwa dubu ke zubawa, ɗaya ya kwashe. Kuma wa ke sayen tikitin? Mai motocin haya da mai rumbun hatsi ba ruwansu da shi. Ɗan kabu-kabu ne, da ɗan dako, da yaron shago, da manomin da ya sayar da tiyar gero yana fatan Allah Ya kashe ya ba shi. Ashe haraji ne aka ɗora wa talaka, aka lulluɓe shi da mafarki. Harajin kasuwa ko ba komai kana ganin rasit, kana iya tsare kansila ka tambaye shi. Wanda ya faɗi a caca wa zai tambaya?

Akwai kuma abin da masu wannan shawara ba su hango ba. Ran da gwamnati ta fara cin abinci daga caca, ran nan ta zama mai neman kasuwa ga caca. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za mu wayi gari rediyon da ke kiran yara su je makaranta shi ne ke tallan tikiti, domin in ciniki ya ragu, kuɗin magani sun ragu.

Ban fara da maganar addini ba don kada a ce na fake da malamai, amma ba ta ɓoyuwa. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri guda sun haramta, sun kuma nuna yadda take haddasa gaba tsakanin mutane. Jiharmu ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000 zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Yaya za a yi alƙali ya hukunta mai karta a gindin bishiya, alhali gwamnati na sayar da tikiti a bakin tasha? A Kano ma a 2024 Hisba rufe shagunan cacar ƙwallo ta yi.

To ina mafita? Ba mu rasa hanyoyi na halal ba. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda take da kwamitoci a gundumomi. Da manoman shinkafa da albasa da masu dabbobi za su fitar da haƙƙin Allah yadda ya kamata, a kuma karanta wa jama'a abin da aka tara da inda aka kai shi, da an ga canji. Mun kuma ga yadda a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal aka riƙa cire wani abu daga albashin ma'aikata don ilimi, aka danƙa wa kwamitin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke shugabanta. Sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024, ita dai Kotun Ƙolin ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wannan hukunci shi ya fi cancanta mu bi sawunsa, mu san nawa ke shigowa Tambuwal da Kebbe kowane wata, da abin da aka yi da su.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu na Tambuwal ta Gabas da Tambuwal ta Yamma da Kebbe a majalisar jiha, tun kafin wani ya kai musu wannan shawara a rubuce, su yi amfani da ikon da kotu ta ba su wajen toshe cacar waya da ke cinye jarin yaranmu. Iyaye da iyayen gida kuma a sa ido a kan yaran shago, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa wa kasuwanninmu albarka, amin.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.