Ginin ƙasa da mai ɗaukar hoto: rana ce ke yin rabin aikin

Ranar 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, ruwan sama ya kada tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ke son ya nuna ma jikokinsa kamannin ginin nan a yau, sai ya nemi hoto. To amma hotuna nawa ne masu kyau ke hannun jama'a?

Mutane da dama na tsammanin sai da babbar kamara irin ta Turawa masu yawon buɗe ido. Ba haka ba ne. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka tura aiki Agadas, wayar salula da ke aljihunsa ta ishe shi, in dai ya san lokacin fita.

Mu ɗauki hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka gina wajen shekara ta 1515, aka sabunta ta a 1844. Da tsakar rana haske na faɗo mata daga bisa, jan ƙasar ya koɗe, hoto ya fito fayau kamar bangon kowa. Amma da sassafe, ko da la'asar sakaliya, rana na bugun ta daga gefe: kowane icen da ya leƙo daga jikinta sai ya ja inuwarsa doguwa, har sawun hannun masu yaɓe ya bayyana. Haka ma zanen da ke bisa ƙofofin gidajen Birni, inuwa ce ke fiddo shi. Lokacin hazo kuwa, gara a jira sama ta washe, a kuma riƙa goge idon kamara, don ƙura ta fi ɓata hoto bisa ga rashin kuɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya gindin gini a ɗaga kamara sama. Nan da nan sai bango ya yi kamar zai faɗi ta baya, balle hasumiyar da dama tana tsukewa wajen kai. A ja da baya, ko a roƙi mai gida a hau soronsa, a riƙe kamara tsaye daidai. Kada a jawo hoto da yatsa, ƙafa ta fi. Jawowar nan dusashe shi take yi. In mutum ya tsaya cikin zaure ko wani lungu, bakin ƙofa ya kewaye hasumiyar, hoton zai yi zurfi. A kuma bari wani mai wucewa ya shigo ciki, da yardarsa, domin da tsawon mutum ido ke auna tsawon gini.

A masallaci irin na Yama, cikin jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 har ya samu kyautar Aga Khan a 1986, sai an gaida liman an nemi izini tukuna, kuma ba a ɗauka ana cikin salla. In an dawo gida a wanke biyu ko ukku a takarda, a rubuta suna da kwanan wata a baya.