Idan malfar kulor ta yi yawa a ruwan pisin

 

Hirarmu ta yau ta ruwan pisin ce, wato babban kwamin siminti da ake cikawa da ruwa don wanka da iyo. Na san wani zai ce: malam, mu da ke bin layi a bakin pampo, ina ruwanmu da pisin? Yi haƙuri, ɗan'uwa. A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, akwai otel-otel da gidajen manya masu pisin. Wa ke share su? Wa ke zuba musu magani? Ƴan'uwanmu ne, masu gadi da masu aikin lambu. Da yawansu suna zuwa ajinmu da dare. Abincinsu yana cikin ruwan nan. In ruwa ya ɓaci, su ake kora.

Wani dare, ɗaya daga cikin ɗalibaina, dattijo mai gadi, ya zo aji da bokitin magani a hannu. Ya ce: "Malam, duba mini wanga rubutu. Wata shida ina jefa maganin nan, ruwa garau. Yanzu ruwa ya yi kore kamar tabki. Na auna, awo ya ce akwai magani. Na ƙara, bai warke ba. Maigida ya ce saida maganin nake yi." Na ce: "Baba, zauna mu karanta tare." Muka bi harufa ɗaya bayan ɗaya. A jikin bokitin an rubuta da Faransanci: chlore stabilisé. Ciwon ruwansa yana cikin kalma ta biyu.

Kulor kun san shi. Shi ne ke cikin ruwan jabel da muke wanki da shi. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da hana gansakuka. Amma yana da babban abokin gaba, ita ce rana. In ka zuba kulor tsurarsa cikin pisin da hantsi, kafin awa 2 ko 3 rana ta cinye mafi yawansa. Don haka masana suka samo wani sinadari da ke kare shi. Sunansa asid siyanurik. A jikin kwali za ka ga an rubuta stabilisant. Mu a aji muka sa masa suna malfar kulor, saboda aikin malfa yake yi.

Manomi mai malfa guda yana wuni yana noma. To ka ɗora masa malfa goma a ka, har su rufe masa ido. Rana ba ta taɓa shi, gaskiya ne. Amma kunya nawa zai nome? Haka kulor yake. Malfa tana riƙe da mafi yawansa, tana sakinsa kaɗan-kaɗan. In malfa daidai ce, wanda ake saki ya isa aiki. In ta yi yawa, kulor yana nan cikin ruwa amma ya yi nauyin jiki. Ƙwayar cutar da zai kashe nan take, sai ya daɗe bai kashe ta ba. Gansakuka kuwa ba ta jiransa.

Ga inda ake ruɗewa. Awon kulor, wanda ke rina ruwa ja-ja ko rawaya, yana ƙirga har da kulor ɗin da malfa ta riƙe. Sai ya ce maka magani ya wadata. Ka duba bango, ga santsi. Ka duba ruwa, ga duhu. Masu wanka suna iya ɗaukar zawo, ko ciwon kunne, ko ƙuraje. Kuma ruwa mai duhu yana da wani hatsari da ya fi waɗannan: in yaro ya nutse, ba mai ganinsa a ƙasa. Pisin da ba a ganin gindinsa, kada ka bar kowa ya shiga, ko ɗan maigida ne.

Daga ina malfa ke taruwa, tun da dattijon bai taɓa sayen ta ba? Daga cikin dunƙulen nan fari, mai kama da sabulu, da ake sa wa a kwando ya narke sannu. Fiye da rabin nauyinsa malfa ce. Dunƙule mai garam 200 yana barin wajen garam 110 na malfa cikin ruwa. Kulor yana aiki ya ƙare. Malfa ba ta ƙarewa. Matatar rairayi ba ta tare ta, rana ba ta ɗauke ta.

Wani zai ce: ai kullum ruwa yana raguwa, kullum muna ƙara sabo. Ku tuna yadda ake gishiri a Bilma. Rana tana shanye ruwa, gishiri yana zama a rami. Ruwan da rana ta sha, shi kaɗai ya tashi. Ka ƙara sabo, ka koma inda kake jiya. Malfa ba ta fita sai tare da ruwan da aka zubar.

Mu yi lissafi, ku ɗauko alli. Pisin ɗin dattijon, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5, zurfinsa in an daidaita mita 1 da santimita 20. Ruwansa lita 60,000. In ka zuba a tano mai lita 200, tano 300 ke nan. Yana jefa dunƙule 3 kowane mako. Wata shida mako 26 ne. 26 sau 3, dunƙule 78. 78 sau garam 110, ya haura kilo 8 da rabi. Kilo 8 da rabi na malfa, cikin ruwan da kilo 2 ko 3 suka isa!

Ana faɗin yawan malfa da miligaram cikin lita. Kada sunan ya ba ku tsoro. In an ce 1, ana nufin garam guda cikin tano 5. Pisin da ke fili, wanda rana ke duka, yana son malfa tsakanin 30 da 50. A Faransa, dokar pisin na jama'a ba ta yarda a wuce 75 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin littafin da ta fitar a 2006 kan ruwan wanka, ta ce kada a haura 100. Lissafinmu ya kai dattijon wajen 140. Kuma da ruwa ya yi kore, ya zuba masa garin da ake kira chlore choc. Mafi yawan irin wanga gari shi ma malfa gare shi, har ya fi dunƙule: in ya ba ka kulor 10, sai ya bar maka malfa 9. Ya je kashe wuta da kalanzir, bai sani ba.

Abu na farko, a auna malfa. Awonta dabam yake da na kulor, sai ka roƙi maigida ya sayo. Akwai na ƴar takarda da ake tsomawa a duba launi. Akwai na ƙaramin bututu mai baƙin ɗigo a gindi, shi na fi yarda da shi. Kana haɗa ruwan pisin da maganin awo, sai ya yi fari kamar farau-farau. Ka riƙa ɗigawa cikin bututu kana leƙawa ta sama, har baƙin ɗigon ya ɓace. Lambar da ruwa ya tsaya a kanta, ita ce amsa. In ɗigon ya ɓace da wuri, malfa ta yi yawa. Irin wanga bututu yakan tsaya a 100. In naka ya wuce nan, ka haɗa kofi guda na ruwan pisin da kofi guda na ruwan pampo, ka auna, ka ninka amsa sau 2. Haka dattijon ya yi. Ya samu 75. 75 sau 2, 150.

Yanzu yaya za a rage ta? Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi: sai an zubar da wani sashe na ruwan, a cika da sabo. Akwai magunguna da ake talla wai suna cinye malfa. Wani lokaci su yi, wani lokaci ba su yi, kuɗinsu kuma da yawa. Ni ba zan ce ka jingina aikinka a kansu ba. A wasu jihohin Amurka masu ƙarancin ruwa, akwai motoci masu injin tacewa na musamman da ke zuwa gida su cire malfa su maida ruwa. Wannan aikin masu hali ne. Namu, lissafi da haƙuri.

Lissafin kamar na miya ne. In gishiri ya yi yawa, ka kwashe rabin miya ka ƙara ruwa, gishirin tukunya ya koma rabi. Malfa 100, kana son 50: zubar da rabi. Malfa 150, kana son 50: zubar da kashi 2 cikin 3, ka bar kashi 1. A pisin mai tano 300, tano 200 za su fita.

Amma kada ka yi gaggawa. Pisin ba ya son zama wayam. In gidan yana kusa da kogi a Yamai, ko kusa da Gulbin Maraɗi, ko lokacin damana ne, akwai ruwa cikin ƙasa a ƙarƙashinsa. Ka taɓa danna ƙwarya cikin ruwa ka ji tana turo hannunka? Haka ruwan ƙasa ke tura kwamin da aka kwashe, har ya tsage ko ya ɗaga. Da bazara kuma rana tana gasa bangon da ya fito fili. Don haka sau da yawa ana yi a kashi-kashi. Ka zubar da kashi 1 cikin 3, ka cika, ka bar inji ya gauraya. 150 ta koma 100. Ka sake, ta koma 67. Ka sake, ta koma 44. Duba da kyau: sau uku tano 100, tano 300 ke nan, ba 200 ba. Wagga hanya ta fi cin ruwa, amma kwami yana zama lafiya. Zaɓi tsakanin biyun na maigida ne da maginin da ya san ƙasar wurin. Kai dai ka kai musu lambobi a rubuce.

Ranar aiki, ka kashe inji tukuna, sannan ka murɗa hannun matata zuwa inda aka rubuta égout. Kada ka murɗa shi inji yana tafiya. Ka rufe bakin da ke shan ruwan sama-sama, ka bar na gindin pisin, don kada inji ya sha iska ya ƙone. Ka tsaya a wurin. Bayan an cika, inji ya yi wuni guda yana gauraya, sannan ka sake aunawa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Tano 200 lita 40,000 ne. Bido 1,600 ke nan, mai lita 25. Gidan da ke shan bido 10 a rana, ruwan wata 5 ne da ƴan kwanaki. Wanda ya zauna a Damagaram da bazara ya san abin da nake faɗi. Saboda haka a yi wanga aiki da ɗari, ba lokacin da gari ke ƙishirwa ba. Ruwan da zai fita kuma kada a sake shi a titi ya zama gidan sauro. Ka daina zuba magani, ka hana wanka, ka riƙa aunawa har kulor ya ƙare. Da malfa mai yawa zai ɗauki kwanaki. Sannan a ba itatuwa, a kwantar da ƙura, a buga bulo. Mutum ko dabba ba su shan sa. Ba a zuba shi a kogi ko inda ake kiwon kifi.

In malfa ta sauko, kada ka koma gidan jiya. Aje dunƙule. Nemi kulor marar malfa. Iri biyu ne a hannunmu: ruwan jabel marar turare, da farin garin da aka rubuta wa hypochlorite de calcium. Ka karanta sunan da kanka, harafi bayan harafi, don bokitai suna kama da juna. Ka zuba bayan magariba, ya kwana yana aiki ba rana. Jabel yana rasa ƙarfi da zafi, a aje shi a inuwa, kada a sayi na wata da yawa. Farin garin kuma yana barin farin dabbare a bango in an daɗe ana zuba shi. Wanke matata da wasan yara cikin ruwa suna fitar da malfa kaɗan-kaɗan. In awo ya nuna ta faɗi ƙasa da 30, ka koma dunƙule na ƴan makonni. Auna ta sau ɗaya a wata, ka rubuta rana da lamba a littafinka.

Ku buɗe kunne nan. Dunƙule da farin garin nan ba su haɗuwa. In sun taɓa juna, ko da ƴar laima ce, suna iya kama wuta ko su fashe, su fidda hayaƙi mai ƙona huhu. Kowane da bokitinsa, kowane da cokalinsa. Kada ka zuba gari a kwandon da dunƙule ya taɓa zama. In za ka dama, ruwa tukuna a bokiti, sannan gari a kai, iska tana bayanka. Asid ɗin da ake gyara ruwa da shi, a aje shi nesa da su duka. Ɗakin magani a kulle, makulli a aljihunka.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ko ƙwayar Aquatabs da muke jefawa a bidon ruwan sha ita ma haka take. Dangi ɗaya ne, amma ƴar mitsitsiya ce, an auna ta daidai bido, kuma ana shanye ruwan a sake sabo, ba ta taruwa. A ci gaba da aiki da ita. Dunƙulen pisin kuwa, kada wanda ya gutsura ya jefa a randa.

Dattijon ya kai wa maigidansa littafinsa, da lambobin da ya rubuta da hannunsa: 78, da 110, da 150. Suka rage ruwa sau uku cikin mako biyu. Yana nan bakin aikinsa.

Ga aikin gida. Pisin mai tano 240, malfarsa 120, ana son ta koma 40 a zubi ɗaya. Tano nawa za su fita? In an yi rabi-rabi sau biyu, nawa malfa za ta koma, kuma tano nawa aka kashe? Ku kai wa malamin ajinku amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.